Ƙullin Baffa a Wuyan Akawu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kwance ni a gaban manyan ofishinmu ba. Yau ga shi furfura ta cinye kaina, na yi ritaya, jikoki na hawa bayana, amma har yanzu in na shiga kasuwar Birnin Kudu sai wani tsohon abokin aiki ya hango ni daga rumfar mai goro ya ce, "Maraƙi, ina gajiya?" Ni kuwa in amsa masa da fara'a, don sunan ya daɗe da bin jikina. Yara suna tsammanin don ina da ƙiba ne aka laƙaba mini shi. Ba haka ba ne, kuma bari in faɗa muku inda na samo shi.

Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa ke nan, muna cikin jihar Kano, ni kuma ina ƙaramin akawu na wucin gadi a ofishin gona. Babban ofishinmu yana Birnin Kudu, amma ni an ajiye ni a Gwaram ina kula da sito: takin zamani, irin gyaɗa, maganin feshi. Asalina ɗan wata ruga ne da ke bayan Fagam. Da sanda a kafaɗa na tashi ina bin shanu, kafin a kama ni a kai makaranta. (Na ce a kama ni don da gaske kamu ne, daga ƙarƙashin rumbu aka zaro ni.) To amma tun da na yi 'yan shekaru ina karatu a Kano, sai na ninke zancen ruga na ajiye. Kowace magana za a yi sai na sako "mu dai a Kano", kai ka ce a Ƙofar Mata aka yanke mini cibiya.

Shugaban ofishinmu na lokacin wani mutum ne da muke kira Ɗan Ingila a bayan idonsa. Ya taɓa zuwa kwas ƙasar Turawa na 'yan watanni, ya dawo da lema da baƙin takalmi da wata doka guda: duk akawun da ke ƙarƙashinsa sai ya sa farar shat da dogon wando, ya kuma ɗaura laktayi, wannan siririn ƙyallen da ake zargewa a wuya. A cewarsa babbar riga ta zaman fada ce, hannunta ma kwalbar tawada yake kifarwa. In ya gan ka da kaftani a ofis, ba zai ce maka komai ba. Zai dai tambaye ka suna ake yi ko ɗaurin aure, kuma me ya sa ba a gayyace shi ba.

Ranar da aka ɗauke ni aiki na sayi laktayina, ja mai ratsin ruwan ƙwai. Na juya shi na juya, na rasa ta inda ake farawa. Malam Inuwa, mai buga tafireta a babban ofis, shi ya ji tausayina. Ya ja ni bayan ofis, ya ɗaura mini, ya ce in kalli hannunsa in koya. Na ce na gane. Ban gane komai ba. Abin da na gane kawai shi ne in ka sassauta ƙullin a hankali, kana iya zare abin ta ka ba tare da ka kwance shi ba. Shi ke nan na samu mafita. Da yamma in zare in rataye a ƙusa, da safe in zura kai in ja. Damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta zo, ƙullin Malam Inuwa yana nan yadda ya yi shi, sai dai ya yi baƙi ƙirin ya sandare saboda gumi.

Kuma kada ku ce don tsoron Ɗan Ingila nake sawa. Mutumin da sai a yi wata da watanni bai leƙo Gwaram ba. So nake yi. Ina tsakiyar buhunan taki, rana na dukan kwano, ni ina nan da jan laktayina. Manoman garin Sara in sun zo karɓar iri sai su ce, "Ina malamin nan mai igiya?" Ni a lokacin na ɗauka yabo ne.

Ana nan sai zamani ya juya. Aka sauya tsarin En'e, aka kawo ƙaramar hukuma, aka yi wa Ɗan Ingila canjin wurin aiki, aka kawo sabon shugaba. Sai aka aiko cewa duk ma'aikatan wucin gadi su hallara a Birnin Kudu za a yi musu intabiyu. Wanda ya ci a tabbatar masa da aikinsa har da fansho, wanda ya faɗi ya koma gida. Ni kuwa ban daɗe da yin aure ba, amaryata Hansai ko lallen ƙafarta bai gama gogewa ba. In na faɗi, ba ni da inda zan kai ta sai ruga, in koma bayan shanun da na yi shekaru ina yi kamar ban san ƙahonsu ba. Wannan tunanin ya hana ni jin daɗin tuwo kwana da kwanaki.

Akwai wani direban a-kori-kura da ke jigila tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, ya taɓa ce mini, "Malam, ni fa yanzu ban ganin masu irin abin wuyan nan naka a can. Duk sun koma shadda." Na yi murmushi irin na wanda ya san duniya. A raina na ce, direba me ya sani game da harkar ofis.

Ranar intabiyu na dawo daga sallar asuba, na yi wanka, na sa farar shat, na miƙa hannu ƙusa. Wayam. Na duba ƙasa, na duba bayan akwati, na ɗaga tabarma. Sai ga Hansai ta shigo tana murmushi, ta riƙo wani abu a tafin hannu biyu kamar mai kawo turare.

"Malam, ga shi. Jiya na wanke maka, na aro dutsen guga na goge."

Na karɓa. Laktayina ne, ya yi fes, jan ya fito, ratsin ya fito. Ya miƙe sambal tun daga wannan baki har wancan.

"Ina ƙullin?" na ce.

"Ai shi ya fi ba ni wahala," in ji ta. "Sai da na sa haƙori. Duk daudar a cikinsa ta taru. Ya za a yi ka je gaban manya da abu haka?"

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ga yadda take kallona tana jiran a yaba mata. Kuma faɗan me zan yi? In ce mata maigidanta, akawu ɗan Kano, bai iya ɗaura abin da yake taƙama da shi ba? Sai na ce, "Allah ya yi miki albarka," da wata murya kamar ta mai ciwon haƙori.

Na shige ɗaki na tsaya gaban ɗan madubinmu. Na naɗa ta dama, ya zame. Na naɗa ta hagu, ya fito kamar ɗaurin zani. Na fita da sauri gidan hedimasta, aka ce ya tafi ta'aziyya tun jiya. Malamin asibiti ya juya abin a hannu ya ce shi bandeji kawai ya iya. Na dawo gida gumi ya fara jiƙa farar shat ɗin, ga rana ta fara ɗagawa, ga motar Birnin Kudu ba ta jiran kowa.

A zaure na tarar da Baffa Haro, ƙanin mahaifina. Ya zo daga ruga tun jiya ya kawo wa amarya man shanu, ya kwana. Yana zaune yana shan koko yana kallon shiga da fitata.

"Akawu," ya ce (haka yake kirana in yana so ya tsokane ni), "me ya ɓace ne?"

Ban da zaɓi. Na durƙusa na faɗa masa gaskiya, a hankali don kada Hansai ta ji. Ya ajiye ludayi, ya karɓi laktayin, ya ja shi ta baki biyu yana gwada ƙarfinsa.

"Igiya mai kyau," ya ce. "Ɗaurewa kawai kake so?"

"Ɗauri ne na musamman, Baffa. Na Turawa."

"Ɗana, tun ba a haife ka ba nake ɗaure abin da ke da wuya. Matso."

Na matsa. Ya zagaya da shi wuyana, yatsunsa suka yi wani juyi da sauri, ya cusa, ya ja, ya tura wani ɗan baki ƙarƙashin kwalar rigata. Na koma madubi. Ku yarda da ni, daga nesa ba laifi. Ƙullin ya fi na Malam Inuwa girma, ya ɗan karkace, amma dogon bakin ya sauko kan ƙirji yadda ya kamata. Na ji sanyi a raina.

"To saurara," in ji Baffa. "In za ka kwance, kada ka..."

Daidai nan direba ya danna hon a bakin hanya. Na ce, "Baffa, mota za ta tashi, sai na dawo," na ɗauki kwat ɗina na ruga. Da na tsaya na ji ƙarshen maganar nan, da yanzu sunana na yanka ake kirana da shi.

Bazara ce, irin zafin da ke zuwa kafin ruwan farko. Muka isa Birnin Kudu na sauka na kaɗe ƙura, na doshi ofis ina tafiyar ƙasaita. Ina shiga harabar na ja na tsaya. Barandar cike take da ma'aikata, kuma babu ko mutum ɗaya mai shat. Kaftani, kaftani, babbar riga, kaftani. Shadda sai ƙyalli take, huluna sun sha kari. Masinja ma da 'yar jamfarsa. Ni kaɗai ne da kwat da jan laktayi, kamar wanda aka manta da shi a sito tun zamanin Ɗan Ingila.

Malam Inuwa ya hango ni, shi ma cikin shuɗin kaftani. Ya taso yana danne dariya.

"Kai, ba ka ji ba? Sabon shugaba ya ce kowa ya sa kayan gida. Ya ce ƙasar tamu ce, zafin ma namu ne." Sai ya ƙura wa wuyana ido. "Wannan kuma ba ƙullina ba ne. Wa ya yi maka?"

"Wani ne," na ce. "Taimaka ka cire mini kafin a kira ni."

Ya kama ƙullin ya ja ƙasa yadda ake sassauta laktayi. Maimakon ya sassauta sai na ji ya matso. Ya sake ja, ya ƙara matsowa. Ya sa farce, ya sa bakin biro, ƙullin ko gezau. Yana cewa bari ya nemo reza sai masinja ya leƙo ya kira sunana.

Mutum uku ne a bayan tebur. Na tsakiya shi ne sabon shugaba, wani dogon dattijo siriri cikin farin kaftani marar ado, kowa Alhaji yake ce masa. Na gaishe su na zauna. Alhaji ya dube ni daga sama har ƙasa. Ya tambaye ni mutumin ina ne.

"A Kano na yi karatu, ranka ya daɗe," na ce. (Kun ji fa. Ana shaƙe ni, amma ban fasa ba.)

Na hannun dama ya fara tambayata yadda nake ajiye taki kada ya jiƙe. Na san amsar sarai, aikina ne na kullum. Amma muryar da ta fito ba tawa ba ce, wata 'yar siririya ce kamar ta zakaran da bai gama koyon cara ba. Duk kalmar da zan faɗa sai ta yi karo da ƙullin Baffa. Gumi ya sauko ta goshi ya shiga ido. Na ga na hannun hagu ya rubuta wani abu ya girgiza kai. Na hango kaina riƙe da sanda, Hansai na biye da ƙwarya a ka.

"Malam," in ji Alhaji, "cire abin nan ka sha iska. Ba mai tilasta maka shi yanzu."

"Ba komai, ranka ya daɗe, na saba."

"Na ga alama. Cire dai."

Na kai hannu. Na san abin da ya faru a baranda, amma mutum uku suna kallona, sai na yi abin da na saba yi kowace yamma: na kama na ja. Na ƙara ja da ƙarfi, don a ga ba wani abu ba ne. Sai numfashi ya tsaya mini a maƙogwaro. Idona ya firfito, na miƙe tsaye, kujera ta faɗi ta baya. Ina ja da hannu biyu ina juya kai dama da hagu, wani sauti yana fita daga bakina wanda ba Hausa ba ne ba Turanci ba. Na hannun dama ya ƙwala wa masinja kira ya kawo almakashi. Kafin ka ce me, ƙofa da taga sun cika da huluna.

"Kada a yanka," in ji Alhaji.

Ya taso ba gaggawa, ya zagayo tebur. Ya dafa goshina da tafin hannu ya ce, "Tsaya. Daina ja." Wallahi yadda ya dafa ni ɗin nan, jikina ya gane kafin kaina ya gane, don haka nake dafa maruƙa ina yaro. Na tsaya cak. Ya ɗaga kwalar rigata, ya laluba, ya kamo ɗan bakin nan da Baffa ya ɓoye, ya fizga sau ɗaya da yatsa biyu. Laktayin ya sulale ya faɗo hannunsa.

Na ja iska kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Alhaji ya ɗaga jan ƙyallen yana dubawa, gefen bakinsa na motsi.

"Wannan ƙullin dai ba a Kano aka yi shi ba," ya ce. "Na dangwali ne." Ya juya ga sauran biyun, waɗanda 'yan birni ne, ya yi musu bayani: igiyar da ake jera maruƙa a ɗaure in za a tatsi iyayensu. "Wannan kuwa na maraƙin da ba ya tsayawa wuri ɗaya ne. In ya ja, igiyar ma ta ja. Rabona da ganinsa tun ina yaro a rugar mahaifina. Wa ya ɗaure ka?"

"Baffana ne, ranka ya daɗe," na ce, kaina a ƙasa.

"A Kano yake?"

"A bayan Fagam."

Daga taga aka fara dariya. Wani ya ce, "Ashe maraƙi ne," sai baranda ta ɗauka gaba ɗaya. Na hannun hagu ya kifa kai a tebur kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa da ƙasa za ta buɗe a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Alhaji ya sa aka rufe ƙofa, aka tayar da kujerata, aka ba ni ruwa a moɗa. Da na ɗan dawo hayyacina sai ya ture maganar taki gefe. Ya tambaye ni yadda ake gane saniyar da sammore ya kama. Na faɗa masa. Ya tambaye ni me ya sa makiyaya ke kwashe shanu su gudu in sun ji masu allura na zuwa. Na faɗa masa wannan ma, har da abin da Baffa ke cewa game da ma'aikatan da ke zuwa ruga da takalmi mai ƙyalli suna toshe hanci. Muryata ta dawo, harshena ya saki. Duk abin da na yi shekaru ina ɓoyewa a ƙarƙashin kwala, shi na zauna ina zubarwa, su kuma suna gyaɗa kai.

Da zan fita Alhaji ya miƙo mini laktayin. Ya ce sashen dabbobi na neman akawun da zai riƙa bin masu allurar shanu ruga-ruga, wanda makiyaya ba za su gan shi su kora garke daji ba. Ya ce an tabbatar da ni, in fara ranar Litinin. "Ka zo da kaftani," ya ce. "Kuma ka gaida Baffa. Ka ce hannunsa na da kyau."

Da la'asar na isa gida na tarar Baffa bai tafi ba, yana jira a zaure. Hansai ta leƙo daga tsakar gida. Na ce an tabbatar da ni, ta yi guɗa 'yar ƙarama ta koma ciki, tana cewa ai ta san wankin nan ba zai tafi a banza ba. Ban musa mata ba, don in aka bi diddigi gaskiyarta ce.

Baffa ya dubi wuyana, inda jan layi ya kwanta.

"Ka ja ko?"

"Na ja, Baffa."

"Ya riƙe?"

"Ya riƙe."

"Ai na san zai riƙe," ya ce, ya ci gaba da taunar goronsa. Da zai tafi ya roƙi laktayin, na ba shi da hannu biyu. Da na je ruga da sallah na gan shi a wuyan wata 'yar maraƙa, kuma gaskiya ya fi yi mata kyau.

A sashen dabbobi na ƙare aikina, cikin kaftani da hula, kuma ban taɓa jin daɗin wani abu kamar shekarun nan ba. Sai ga shi zamani ya sake juyawa. Kwanakin baya jikana da ya samu aikin banki ya zo mini da sabon laktayi a leda, ya ce dole ne a wurinsu, kuma an gaya masa ni tsohon ɗan gayu ne, in koya masa ɗaurawa. Na juya abin a hannu, na ce masa ƙulli ɗaya na iya, kuma ba zai so shi ba. Na dai ba shi abin da na samu a ranar nan: duk abin da zai zura wuyansa a ciki don a ce shi wani ne, ya tsaya tukuna ya ji yadda ake kwancewa, ko da mota za ta tashi ta bar shi.